Ƙasusuwa Ɗari Biyu da Shida

"Ba wannan ba ne! Haba Tela, kwalin da aka ɗaure da jan zare na ce miki, kin sauko mini da na takalma."

Ina tsaye a kan kujerar roba, ƙafar kujerar na rawa tawa ma na rawa, hannuna ya nutse cikin ƙurar saman kabad, ita kuwa tana kwance a gado tana ba ni umarni sai ka ce 'yar aikinta. Na ce, "Anti, in na faɗo daga nan na karye, gado ɗaya za mu raba da ke, ki sani."

Ta ce, "To ki faɗo da kwalin a hannunki."

Haka take. Ciwo ya cinye ta har zobenta ya koma babban yatsa, amma bakin nan nata bai rame ba.

Ni tela ce, ɗinkin mata nake yi a falona, a hawa na biyu na wani tsohon bene mai gidaje takwas. Ƙofata da tata suna kallon juna, taku huɗu ne tsakani. Ranar da ta tare, shekara tara da suka wuce, duk benen ya fito leƙe, don kuwa duk wanda ya mallaki hankalinsa a zamaninmu ya san Anti Ƙararrawa. Da wasan kwaikwayo na talabijin ta fara, ta fito a nas shekara shida, har mutane kan tare ta a kasuwa su nuna mata ƙurjin da ya fito musu. Daga nan aka ba ta gasar kacici-kacici ta yammacin Asabar, ta riƙe ta shekara goma sha huɗu. Takan zauna da kati a hannu da wata 'yar ƙararrawar tagulla a gabanta, ta yi tambaya, ta ba mutum sakan goma. Ba ta duba agogo, a ka take ƙirgawa, kuma an sha gwada ta da agogon ba a taɓa kama ta ba. In ka kuskure ko lokaci ya cika, sai ta kaɗa ƙararrawar ta ce, "Kash! Ta kaɗa maka, sai wani jiƙon." Har yau akwai tsofaffin da ke faɗa wa jikokinsu haka in sun zubar da shayi.

Ba zan ɓoye ba, da farko ban so ta ba. Matar da za ta dawo mini da riga sau uku a kan kalmasa ɗaya! Na ce a raina wannan har yanzu tana jin kanta a cikin akwatin talabijin. Amma zama ya yi zama, sai ga shi ni ce mai ajiye mata mabuɗi. Ba ta da ɗa, mijinta ya daɗe da rasuwa. Da ciwon ya shiga ƙashi, likita ya ce a maida ta gida ta huta, kowa ya gane abin da yake nufi. Ƙanenta kan zo da safe kafin ya wuce aiki, wata nas ta zo ta yi mata allura, sauran yinin kuwa ni ce. Kekena ya yi sati uku a rufe, masu ɗinki suna ta zarya suna mini tsaki a kan matakala.

Na samo kwalin dai da ƙyar. Kaset-kaset ne na bidiyo irin na da, wasu har sun yi fumfuna. Ta sa na riƙa ɗaga mata ɗaya bayan ɗaya tana karanta rubutun jiki, tana cewa wuce, wuce, har muka zo kan wani da babu komai a jikinsa sai alamar jan biro. Sai ta ce, "Kira mini Mai Kyamara."

Mai Kyamara tsohon abokin aikinta ne, shi ya ɗauke ta tun fitowarta ta farko. Dattijo ne dogo, mara magana, kunnensa ɗaya ya yi nauyi. Bayan azahar sai ga shi yana haki a kan matakala, rungume da tsohuwar na'urar bidiyo kamar jinjiri. Da ya ga kaset ɗin sai ya dube ta ya ce, "Shi ne?" Ta ce, "Shi ne."

Hoton ya yi ta rawa kafin ya tsaya. Sai ga Anti cikin koriyar riga, kumatu cike, haƙora kamar an wanke shinkafa. A gabanta wani saurayi ne siriri cikin farar riga, biro uku a aljihu. Malamin kimiyya ne a wata sakandare, ya kai tambayar ƙarshe, kyautar kuwa firiji ne da aka girke a gefe da ƙyalle a jikinsa. A bayansa ɗalibansa sun cika layi biyu suna ta tafi.

Anti ta cikin talabijin ta ce, "Malam, ƙasusuwa nawa ne a jikin babban mutum?"

Malamin ya yi murmushi, ko sakan ɗaya bai ci ba. "Ɗari biyu da shida."

Ta dubi katin. Hannunta ya tafi kunne, ya dawo. Sai ƙararrawa. "Kash! Ta kaɗa maka, Malam. Ɗari biyu da sittin ne. Sai wani jiƙon!" Ɗakin ya ɗauki dariya, ɗaliban nan har da masu riƙe ciki. Malamin ya buɗe baki zai yi magana, kiɗan rufe shiri ya danne shi. Ita kuwa tana ta murmushi tana ɗaga hannu.

Na ce, "Allah sarki. Malamin kimiyya guda bai san ƙashin jikinsa ba."

Anti ta ce, "Kin gani? Ke ma." Ta juyo da ƙyar. "Tela, shi ne da gaskiya. Ɗari biyu da shida ne. Mai buga katin ce ta juya lambobin."

"To ai kuskure ne, ke ina kika sani?"

"Na sani. Shekara shida ina nas ɗin ƙarya. Akwai fitowar da na koya wa ɗalibai wannan lambar a gaban allo, sau goma sha ɗaya aka maimaita ɗauka, tambayi wannan." Mai Kyamara ya sunkuyar da kai. "Ina ganin katin na gane. Na taɓa na'urar kunnena, darakta ya ce, bi kati, saura sakan arba'in a shiga labarai. Mu kuwa abin da aka koya mana ke nan: shirin kai tsaye ba a tsayawa, ba a gardama da kati, ba a sauke murmushi sai jar fitilar kyamara ta mutu. Na bi kati."

Ta ce mako na gaba ta nemi a gyara, aka ce kamfanin da ke ɗaukar nauyin shirin zai ji kunya, a bari ya wuce. Malamin ya rubuto mata wasiƙa uku. Suna nan a ƙasan kwalin, ta sa na ciro. Babu zancen firiji a ciki ko kaɗan, abu ɗaya yake roƙo, a faɗa a inda aka faɗi na farko cewa shi ne daidai.

"Ba zan ɗora wa darakta ba," in ji ta. "Makirufo na maƙale a wuyana kowace Asabar har shekara takwas bayan nan. Jimla ɗaya ce, Tela. Na yi ta cewa mako mai zuwa." Ta yi 'yar dariya da ta ƙare da tari. "Yanzu ga su nan duk ɗari biyu da shidan suna mini ciwo, ɗaya bayan ɗaya, ba sai an buga mini kati ba. Ki nemo mini shi. Ina so in gaya masa da bakina kafin bakin ya rufe."

Na ce, "Shekara ashirin da shida fa, Anti! Ina zan gan shi? Wataƙila ma ya riga ki."

"To ki nemo mini kabarinsa in san na makara."

Wallahi raina ya ɓaci. Ga ɗinkin mutane jibge, ga gwiwa na damuna, an ce in shiga gari neman mutumin da ban san ko yana numfashi ba. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ni na karɓi mabuɗin nan da hannuna. Washegari da ƙanenta ya zo na roƙe shi ya nemi izini a wurin aiki, ni kuma na ɗauki jaka na fita.

Adireshin da ke kan wasiƙun na makarantar ne, can gefen layin dogo. Mota biyu na hau. A ofis wata yarinya mai danna kwamfuta ta ce ba a haife ta ba lokacin. Ina fitowa ina mita sai tsohon mai gadin ƙofa ya tambaye ni lafiya. Ina kwatanta masa, tun ban gama ba ya fashe da dariya har sandarsa ta faɗi.

"Malam Ɗari-biyu-da-shida! Kai, baiwar Allah, kin tuna mini da nisa. Ai yaran nan sun gasa masa aya a hannu. Yana shiga aji zai tarar an zana ƙwarangwal a allo. In ya yi tambaya, aji duka su ce, kash, ta kaɗa maka! Har cokali suke zuwa da shi suna buga kofi. Shekara biyu ya daure, ya ajiye aikin."

Na ce, "Baba, abin dariya ne wannan?"

Ya share hawayen dariya ya ce, "A'a fa. Mutumin kirki ne." Ya ce ya ji an ce yana aiki a wata maɗaba'a.

Maɗaba'ar ta zama shagon sayar da taya. Mai tayar ya tura ni wurin wani mai ɗaure littattafai, na tarar ya rufe, sai gobe. Na dawo gida ƙafa a kumbure, tun daga matakala nake jin muryarta, "Tela ce? Kin same shi?" Na ce sai gobe. Ta ce, "Gobe, gobe, irin tawa." Yinin nan duka, in ji ƙanenta, ta hana a rufe ƙofar ɗaki, in an taka matakala sai ta ce a duba waye. Abinci kuwa cokali biyu ta ci ta ture.

Sai a rana ta uku na same shi, da kwatancen mai ɗaure littattafan, a wani ɗan shago bayan tashar mota, yana sayar da littattafan rubutu da alƙaluma. Gashi ya yi fari, ya sa tabarau, amma biro ukun nan na aljihu. Yana ɗaure wa wata mata dozin ɗin littafi, na jira ta tafi.

Na ce, "Malam, sannu da aiki. Saƙo aka ba ni. Daga matar nan ta talabijin, mai ƙararrawa."

Hannunsa ya tsaya a kan zaren. Bai ɗago ba.

Na zayyana masa komai, ina sauri kamar ana kora ta: ciwon, katin, daraktan, wasiƙunsa da ta ajiye. Na ce, "Ta ce a gaya maka kai ne da gaskiya. Tana so ka zo ta faɗa maka da bakinta, kwanakinta sun ƙare."

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Ya ce, "Baiwar Allah, kin sha wahala. Zauna ga kujera." Na ƙi zama. Ya ce, "Ta aiko ki ki gaya mini ƙasusuwa ɗari biyu da shida ne? Na sani ai. Ranar Litinin ɗin da ta biyo baya na ɗauki littafi na bi aji-aji ina nunawa. Yaran sun gani da idonsu, shugaban makaranta ya gani. Ba wanda bai san gaskiyata ba. Dariya ba ruwanta da gaskiya."

"To ai shi ya sa take neman ka."

"Mahaifina ya tara maƙwabta a tsakar gida ranar, ya aro talabijin, don su ga ɗansa malami. Har ya rasu bai sake tambayata yaya aiki ba." Ya mayar da tabarau. "A gaban mutane ta faɗa. Sau uku na roƙe ta ta gyara a gaban mutane. Yanzu tana so in je ɗaki, daga ni sai ita sai bango, ta sauke kayanta a kaina ta tafi sakayau? Allah ya ba ta lafiya. Ba ni zuwa."

Nan fa bakina ya kufce mini, halina ne, na sani. Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Mace na kan gargara kana lissafin bango! Shekara ashirin da shida kana goyon abu ɗaya, bayanka bai gaji ba? Ko gawa kake so a kawo maka talabijin?" Har masu wucewa suka tsaya. Shi kuwa ko gezau, ya ci gaba da jera alƙalumansa.

Ga takardu cike da shago, amma girman kai ya hana ni roƙon ko guda. Na lalubo allin ɗinki a jakata, na rubuta masa adireshinmu ɓaro-ɓaro a kan katakon kantarsa, hawa na biyu, ƙofar hagu. Na ce, "Ga shi nan, in ka ga dama ka goge." Na fito ina huci. Sai da na zauna a mota na ji kunya ta rufe ni, domin ni ma da na ga kaset ɗin abin da na fara cewa ke nan, malamin kimiyya bai san ƙashin jikinsa ba.

Na shirya ƙarya tun a hanya. Ina shiga na ce, "Anti, an ce ya bar garin."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Tela, shekara ashirin ina ƙarya a gaban kyamara ana biyana. Ke ko tallan sabulu ba za a ba ki ba. Me ya ce?"

Na faɗa mata duka, ban rage ba, har zancen mahaifinsa. Na zaci za ta yi kuka. Ta daɗe tana kallon silin, yatsunta na motsi a kan bargo kamar mai ƙirga. Can ta ce, "Gaskiyarsa. Wannan ma ya ci." Sai ta yunƙura za ta tashi zaune. "Kira Mai Kyamara. Ki ciro mini koriyar rigar nan, tana ƙasan akwati."

Mai Kyamara ya buga wa tashar waya a gabanmu. Aka yi ta miƙa shi daga wannan zuwa wancan, a ƙarshe wani yaro mai sabuwar kujera ya ce a ɗauka a aiko, za su duba in da gurbi. Anti ta ce, "Na san wannan amsar, ni ma na sha bayar da ita. A ɗauka dai."

Rigar ta zama buhu a jikinta. Na buɗe kekena karon farko cikin sati uku, na cinye mata kusan taƙi guda kowane gefe, ina sauri har allura ta soke ni. Da na kawo ta juya ta, ta duba kalmasar, ta ce, "Ta karkace." Na ce, "Wallahi Anti in kika dawo mini da ita sai na ƙone ta." Muka yi dariya, ita tana riƙe da haƙarƙari.

Da safe nas ta zo da allurar rage zafi, Anti ta ce a bari sai an gama, tana nauyaya mata harshe. Nas ta yi magiya, ta ƙi. Muka ɗaga ta ni da ƙanenta muka zaunar a kujera, muka tokare ta da filo ta baya inda ba za a gani ba. Da kanta ta shafa hoda, ta ja gira, gumi na tsattsafo mata tana dannewa da auduga. Mai Kyamara ya ja labule, ya kafa kyamararsa, ya ɗora ƙararrawar tagulla a kan teburin cin abincinta. Ni kuwa hawaye sun riga sun fara mini zuba.

Ta ce, "Fita, Tela. Ba a son mai shessheƙa a wurin ɗauka. Ki tsaya a ƙofa ki hana mutane hayaniya."

Haka na tsaya a baranda kamar soja, na hana matar hawa na uku daka, na kori mai gyaran famfo. Ban ji abin da ta faɗa ba. Da aka buɗe ƙofa Mai Kyamara ya wuce ni ya fita, ita kuma mun same ta ta zame a kujera, leɓenta ya yi fari. Ta ce, "Yanzu a kawo allurar."

Kwana biyu ta ƙara. Tashar ba ta kira ba. Na ce zan kai wa Malam hoton har shago, ta ce a'a, kada a sake matsa masa, in zai zo zai zo. Amma ta sa aka juya gadon ya fuskanci ƙofa. Ba ta iya kwanciya ta gefe ɗaya, a juya ta nan, a juya ta can, a ɗaga filo, a sauke filo, kuma ko kyanwa ce ta taka matakala sai ta buɗe ido. Rana ta biyu da hantsi ina yanke mata farce, ƙanenta na riƙe da ɗaya hannun, ta ce, "An buga ƙofa?" Na ce iska ce. Ta ce, "Duba dai." Na je na duba, babu kowa a barandar sai takalmana. Kafin in dawo ta cika. Allah ya jiƙanta. Na zauna a bakin gadon da abin yanke farcen a hannuna, saura yatsa biyu ban gama ba, na rasa ko in ƙarasa.

Washegari gidan ya cika. Sai da ta mutu aka tuna da ita: tsofaffin 'yan wasa, masu karanta labarai da suka yi furfura, 'yan jarida biyu, mutanen benenmu da na maƙwabta, falo ya cika har matakala. Ina raba ruwa sai na hango shi a ƙasan matakalar, cikin farar riga mai karin guga, biro uku a aljihu, yana kallon takalman da suka taru a baranda. Ya gane.

Na sauka. Na so in faɗa masa baƙar magana, wallahi na so, amma da na ga yadda ya riƙe ƙarfen matakala sai ta maƙale.

Ya ce, "Sau biyu na goge kantar nan, allinki bai fita ba." Ya ɗaga kai ya dubi ƙofarta. "Kwana huɗu ina shirya abin da zan gaya mata. Yaushe?"

"Jiya da hantsi."

Ya gyaɗa kai, ya juya zai tafi. Na kama hannun rigarsa, abin da ban taɓa yi wa namijin da ba nawa ba. Na ce, "Malam, ka hau. Ta bar maka saƙo."

Aka matsa masa ya zauna a kujerar da ta zauna. Ba wanda ya san shi, sai kallonsa ake. Mai Kyamara na ganin sa ya miƙe, ya jona kyamarar da talabijin ɗin falon, ya ce da jama'a da wata murya da ban san yana da ita ba, "A yi shiru."

Sai ga Anti cikin koriyar riga, zaune cas, murmushin nan na da yana nan yadda yake. Ta gaishe da masu kallo. Ta faɗi ranar, ta faɗi shekarar, ta ce an yi wa wani malamin kimiyya tambaya a shirinta ya amsa daidai, katin ne ya yi kuskure, ita kuma ta sani sarai ta kaɗa masa ƙararrawa, ta kuma yi shiru shekara ashirin da shida. Ta ce laifin nata ne ita kaɗai. Wata tsohuwar 'yar wasa ta dafe ƙirji, 'yan jaridar suka fara rubutu.

Sai ta gyara zama, ta dubi kyamarar kai tsaye, ta ce, "Malam, za mu maimaita tambayar ƙarshe. Ƙasusuwa nawa ne a jikin babban mutum? Kana da sakan goma."

Ta yi shiru tana jira, hannunta kusa da ƙararrawar.

Falon ya yi tsit, har ana jin ƙarar firijin kicin. Malam na zaune a bakin kujera, hannuwa a kan gwiwa. Ni ina ƙirgawa a zuci, uku, huɗu, biyar. Shida. Bakwai. Na ce shi ke nan, ba zai yi magana ba. Leɓensa ya motsa, ba abin da ya fito. Ya yi gyaran murya.

"Ɗari biyu da shida," in ji shi, a hankali, amma har na matakala sun ji.

Goma na cika ta ɗauke hannunta daga ƙararrawar ta ɗora a cinya.

"Daidai ne, Malam."

Ba wanda ya yi tafi. Hoton bai yanke ba, Mai Kyamara ya manta ya kashe. Tana nan zaune tana murmushi, gumi na gangarowa ta gefen kunnenta yana jan hoda, tana kallon jar fitilar. Can muka ji ta ce ta tsakanin haƙora, ba tare da ta sauke murmushin ba, "Ka kashe mana, na gaji."

Allon ya koma shuɗi. Mutane suka fara motsi, wani ya miƙe neman takalminsa. Malam bai tashi ba. Na ajiye masa kofin ruwa a kan teburin, kusa da ƙararrawar, shi kuwa yana zaune da tabarau a hannu yana kallon shuɗin allon.